Yadda ake zaɓar amfilifayar jita da saita ta kafin wasa a gaban jama'a

A Agadas, idan la'asar ta yi sanyi a ranar ɗaurin aure, akan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a tayar da janareto can gefe, sannan wasu samari su sauke kaya daga mota: jita biyu ko uku, gangunan zamani, da baƙaƙen akwatuna masu raga a gaba. Idan aka fara kiɗa, idon jama'a yana kan yatsun makaɗi, amma duk abin da ke shiga kunnensu daga waɗancan akwatuna yake fitowa.

Akwatin shi ne amfilifaya, wadda a Nijar aka fi sani da ampili. Jitar lantarki da ba a haɗa ta da ita ba, wanda ke zaune taku goma daga makaɗin ma da ƙyar zai ji ta. Saboda haka makaɗa da dama ke ɗaukar amfilifaya a matsayin rabin abin kiɗan. Gwani kan iya zuwa da jita mai tsada, a ba shi akwatin da bai dace da filin ba ko wanda aka saita barkatai, ya kwana yana wahala ba tare da an ji gwanintarsa ba.

Abubuwa uku ne ke yanke hukunci a kan amfilifayar da ta dace: wurin da za a yi wasan, wutar da za ta ci, da sauran kayan kiɗan da za ta yi gogayya da su. Lambar wat da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali, wadda ita ce masu saye ke fara tambaya, a baya take zuwa.

Inda jita ta samu gindin zama

A arewacin Najeriya jita ba ta taɓa kwace fage ba. An yi ƙungiyoyi irin ta Bala Miller a Kaduna, kuma har gobe ana kaɗa ta a majami'un Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano, amma waƙar Hausa ta zamani a kan fiyano da kwamfuta ta ginu. A Nijar kuwa labarin daban ne. Salon jitar Abzinawa, wanda ƙungiyar Tinariwen ta Mali ta yi fice da shi, ya bi kaset-kaset ya shigo, ya zama kiɗan biki a Agadas da Tawa da Yamai.

Ƙungiyar Etran de l'Aïr ta Agadas, wadda aka kafa a 1995, a gidajen biki ta yi suna kafin duniya ta san ta. Bombino, wanda ya yi gagarumin wasa a gindin babban masallacin Agadas a watan Janairun 2010, shi ne ɗan Nijar na farko da sunansa ya shiga jerin masu takarar lambar Grammy, saboda faifansa Deran na 2018. Mdou Moctar, wanda ya ƙera jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko mai suna Anar a 2008, kuma ta wayoyin salula waƙoƙin suka bazu. A Yamai akwai Tal National, masu waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, waɗanda aka sani da yin wasan awa biyar a dare guda, sau da yawa a mako.

Abin lura shi ne yawancin wannan kiɗa a fili ake yin sa, cikin ƙura da zafi, da wutar janareto, kuma sau da yawa babu injiniyan sauti. Amfilifayar da aka ƙera domin ɗakin naɗar sauti a Landan ko Los Angeles, a nan take haɗuwa da jarrabawar da masu ƙera ta ba su shirya mata ba.

Abin da ke cikin akwatin

A ƙarƙashin tsirkiyoyin jita akwai maɗaukin sauti, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Idan tsirkiya ta kaɗa, sai ya haifar da wata 'yar wuta marar ƙarfi. Amfilifaya na karɓar wannan wuta a matakai biyu. Matakin farko yana ɗaga ta kaɗan ya ba ta launi, kuma a nan ne yawancin maɓallan da ake murɗawa suke aiki. Mataki na biyu yana ba ta ƙarfin da za ta iya tura lasifika. Idan an haɗa duka da lasifikar a akwati ɗaya ana kiransa kwambo. Idan an raba, akwai kai a sama, akwatin lasifika a ƙasa. Ga mai yawon biki a kan babur ko a bayan a-kori-kura, kwambo ya fi sauƙin sha'ani.

Iri uku ne a kasuwa. Mafi tsufa ita ce mai bawul, wato ƙananan kwalabe masu kama da ƙwan fitila, irin waɗanda ke cikin tsohuwar rediyo. Da irinta aka kafa tarihin jitar lantarki: Vox AC30 ta Ingila a ƙarshen shekarun 1950, Marshall da aka fara ƙerawa a Landan a 1962, da Fender Twin Reverb ta Amurka a 1963. Abin da ya sa makaɗa ke son ta shi ne idan aka matsa mata, sautin yakan yi kaushi sannu a hankali, kaushi mai daɗin ji, kuma tana bin nauyin hannun makaɗi: ya taɓa a hankali ta fito garau, ya doka da ƙarfi ta yi gurnani. Aibinta nauyi da zafi da laulayi. Kwalaben na tsufa, suna iya fashewa a hanya mai gargada, kuma samun madadinsu a Maraɗi ko Damagaram ba kamar samun batir ba ne.

Ta biyu ita ce mai tiransista. Ba ta buƙatar ɗumi kafin ta fara aiki, tana jure jijjiga, kuma mai gyaran rediyo na unguwa zai iya buɗe ta ya gane inda matsalar take. Shahararriya a cikinsu ita ce Roland JC-120 ta Japan, wadda ta fito a 1975 da lasifika biyu masu inci 12, kuma har yau ana ƙera ta saboda tsabtar sautinta. Peavey Bandit ta Amurka ma ta yi suna da ƙarko. Raunin wannan iri shi ne idan aka wuce iyakarta, ba ta yin kaushi da ladabi, sai dai ta tsage da ƙara mai soka kunne.

Ta uku ita ce ta zamani, wadda 'yar kwamfuta a cikinta ke kwaikwayon sautin tsofaffin amfilifayoyi. Kamfanin Line 6 ya fito da na'urarsa POD a 1998, Kemper ta Jamus ta biyo baya a 2011, sai Boss Katana a 2016. Ba su da nauyi, suna da sauti iri-iri, kuma ana iya adana saitin da aka yi a dawo masa gobe. Amma idan allon cikinsu ya ƙone, gyara sai an dace.

Ga makaɗin biki a Sahel da ba shi da mai ɗaukar masa kaya, mai tiransista ko ta zamani mai sauƙin maɓallai ta fi zama alheri. Mai bawul ta fi dacewa da wanda ke da tsayayyiyar wuta da kuɗin canja kwalabe. Akwai kuma ƙanana masu cin batir, irin Roland Micro Cube da ta fito a 2004, mai wat 2 kacal. A ƙauyen da babu wuta, ko a zaman dare na mutum ashirin, ta wadatar. Da zarar an buga gangunan zamani kuwa, ta nutse.

Batun wat

Nan ne masu saye suka fi yin asara. Kunnen ɗan Adam ba ya jin ƙarfin sauti kamar yadda lissafi yake. Idan aka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai sauti ke ƙaruwa, wato ɗan bambancin da za a lura da shi amma ba zai sauya komai ba. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Ke nan amfilifaya mai wat 100 ba ta ninka mai wat 50 ba, mai wat 10 ta ninka.

Lasifika ma tana da nata rabon. Wata lasifikar ta fi wata iya mayar da wuta sauti, har ta yiwu akwati mai wat 30 da lasifika mai inganci ya danne mai wat 60 da lasifikar banza. Faɗin lasifika na da tasiri: mai inci 8 sautinta siriri ne kamar na rediyo, mai inci 12 ita ce aka fi dogara da ita a dandamali.

To me yawan wat ke saya? Sarari. Amfilifaya mai wat da yawa za ta yi ƙara sosai kafin sautinta ya fara tsagewa. Wannan na da muhimmanci ga salon Agadas da Yamai, inda makaɗi ke zuba sautuka a guje, yana barin wata tsirkiya a buɗe tana amo a ƙarƙashi. Irin wannan kiɗa yana son kowace taɓawa ta fito daban. Gwargwadon da makaɗa suka saba bi shi ne: idan akwai mai ganguna kuma babu makirufo a gaban akwatin, mai bawul daga wat 30 zuwa 50, mai tiransista daga wat 60 zuwa 120. Idan akwai manyan lasifikun taro da miksa, mai bawul ta wat 15 ko 20 ta isa, tun da makirufo zai ɗauki sautin ya kai wa jama'a.

Manyan amfilifayoyi masu wat 100 da ake gani a tsofaffin hotunan mawaƙan Turai sun samo asali ne a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da makaɗa irin su Pete Townshend na ƙungiyar The Who suka matsa wa Jim Marshall ya ƙara musu ƙarfi, domin lasifikun taro na wancan zamani ba su da ƙarfin cika zaure. Yau wannan larura ta kau a duk inda ake da kayan sauti na kirki. A filin biki da babu su kuwa, larurar na nan daram, kuma fili ya fi zaure cin sauti: duk lokacin da nisa ya ninka, sauti na raguwa da desibel 6, ba kuma bangon da zai dawo da shi.

Sai nauyi. JC-120 da Twin Reverb kowace ta doshi kilo 30. Wanda zai yi biki uku a rana ɗaya ya kamata ya ɗaga akwatin da hannunsa a shago kafin ya biya.

Wuta ita ce uwa

Wuta ta fi kiɗa kashe amfilifayoyi a yankin. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke amfani da ita daga Najeriya take zuwa, kuma da aka yanke ta a watan Agustan shekarar, Yamai da Maraɗi da Damagaram sun sha duhu na watanni. Ko a lokacin zaman lafiya, makaɗin biki bai cika rabuwa da janareto ba.

Ƙaramin janareto irin na shago wutarsa hawa da sauka take yi, musamman idan an jona masa fitilu da firji da lasifikun taro a layi ɗaya. Idan wuta ta yi ƙasa, sauti ya yi laushi ya rasa ƙarfi, amfilifayar zamani kuma ta iya mutuwa ta sake tashi a tsakiyar waƙa. Idan ta yi sama, abin ya fi muni. Shi ya sa sitabilaiza ke cikin kayan kiɗa kamar yadda tsirkiya take. Ƙa'idar ita ce a tayar da janareto, a bar shi ya daidaita, sannan a kunna kaya. Idan za a ƙara mai ko a kashe shi, a fara kashe amfilifayoyi, domin lokacin da inji ke shaƙewa ne wutarsa ta fi hauka.

Akwai kuma batun ƙasar da aka sayo kayan. Najeriya da Nijar na amfani da bolt 220 zuwa 230, wutar na juyawa sau 50 a daƙiƙa. Amurka bolt 120 ce, sau 60 a daƙiƙa. Amfilifayar da aka ƙera wa kasuwar Amurka, idan aka soka ta a bango a Kano ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, hayaƙi za a gani.

Saudiyya ta cancanci a tsaya a kanta, domin hanya ce da kaya ke bi su iso gida. Hausawa mazauna Makka, a unguwanni irin su Utaibiyya da Jarwal da Shari' Mansur, sun daɗe suna aiko wa 'yan'uwa kayan lantarki ta hannun alhazai da masu Umara. Kuma tun da ƙasar ta kafa hukumar nishaɗi a 2016, aka koma yin manyan wasannin kiɗa a Jidda da Riyad daga 2017, sayen kayan kiɗa a can ya ƙara sauƙi. Sai dai wutar Saudiyya tana da tarihi mai rikitarwa. Shekaru da dama ana amfani da bolt 127 da 220 a gida ɗaya, kafin gwamnati ta yanke shawarar komawa bolt 230 a 2010, kuma sauyin a hankali yake tafiya. Saboda haka tsohuwar amfilifaya da aka saya hannu-da-hannu a Makka ko Jidda tana iya kasancewa ta bolt 110 zuwa 127. Bayan haka wutar ƙasar sau 60 take juyawa a daƙiƙa, kuma taransifomar da aka ƙera domin hakan kaɗai takan fi ɗaukar zafi idan aka kawo ta ƙasar da ke kan 50. Maganin duka a duba ƙaramin rubutun da ke bayan akwatin, kusa da inda igiyar wuta ke shiga. Idan an rubuta 220 zuwa 240V da 50/60Hz, an tsira. Wasu na zamani suna karɓar daga 100 zuwa 240. Wasu tsofaffi kuma suna da ɗan makunni na zaɓar bolt, wanda ya kamata a duba kafin a jona, a kuma liƙe shi da salatif don kada ya goce a hanya.

Filogi ma ya bambanta. Na Saudiyya mai ƙafa uku ne irin na Ingila, wanda ya dace da Najeriya, amma a Nijar an fi amfani da mai ƙafa biyu irin na Faransa. A nan ne ake yin ganganci mafi haɗari, wato karya ƙafa ta uku ko cusa waya tsirara a soket. Wannan ƙafa ita ce ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya, don haka idan wuta ta zube a ciki kuma ba ta da hanyar zuwa ƙasa, jikin makaɗi ne hanyar, musamman idan leɓensa ya taɓa makirufo hannunsa na kan tsirkiya. Haka Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya rasu a kan dandamali a Swansea ta Birtaniya a 1972. Duk wanda ya ji makirufo na ɗan cizonsa a leɓe, ya dakatar da wasa a nemi mai gyaran wuta. Kafa sandar ƙarfe a ƙasa a haɗa da janareto, da saka na'urar da ke katse wuta idan ta zube, ba su kai kuɗin jita ɗaya ba.

Yadda ake saitawa

Kuskure na farko shi ne a saita sauti a ɗaki da daddare, a hankali, a zo da shi fili ana tsammanin zai yi daɗi. Tun 1933 masu bincike biyu a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka nuna cewa yadda kunne ke jin kauri da kaifin sauti yana sauyawa da ƙarfinsa. Idan sauti ya yi ƙasa, kunne ba ya jin kaurin sosai, sai mutum ya ƙara. Idan aka ɗaga ƙarar, wannan kaurin ya zama gunji, kaifin kuma ya zama allura. Don haka a ƙarfin da za a yi wasa ake saitawa, kuma tare da sauran makaɗa.

Kafin a taɓa maɓalli, a gyara mazaunin akwatin. Siririn sauti daga lasifika mai inci 12 miƙewa yake yi kamar hasken tocila. Idan akwatin na ƙasa, gwiwoyin makaɗi yake wa kiɗa. Makaɗin ya ji sautin ya dushe, ya ƙara kaifi, su kuwa matan da ke zaune a tabarma a sahun gaba su sha azaba. A ɗora shi a kan kujera ko benci, ko a jingina shi baya ya kalli kan makaɗin. Ɗagawar na kuma raba shi da yashi.

Maɓallan da Turanci ake rubuta su, kuma yawanci biyar ko shida ne. Wanda aka rubuta Gain shi ke ƙayyade yawan kaushi. Volume ko Master shi ne ƙarfin ƙarar baki ɗaya. Bass na kauri ne, Treble na kaifi, Middle na abin da ke tsakaninsu. Reverb kuwa amsa-kuwwa ce ta roba, wadda ke sa a ji kamar a babban zaure ake.

A fara da kauri da tsakiya da kaifi duk a rabi, amsa-kuwwa a kashe. A ɗaga Gain har a ji sauti ya fara kaushi idan an doka da ƙarfi, sannan a ɗan koma baya. Daga nan a ɗaga Master har jita ta yi kafaɗa da ganguna. Yawancin masu koyo sukan cika Gain domin yana ɓoye kuskuren yatsu kuma yana da daɗi idan mutum shi kaɗai ne. A cikin ƙungiya kuwa yana dama sautuka su zama kunu, ya ƙara ƙugi, ya jawo shewar lasifika. Mdou Moctar ya shahara da sauti mai kaushi, amma wanda ya saurara da kyau zai ji kowace taɓawa tana fita.

Sai kauri. Tsirkiya mafi kauri a jita tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, kuma ƙasa da haka gonar jitar bas ce da babbar ganga. Idan jita ta shiga gonarsu, duka ukun sun ɓace. Saboda haka a dandamali rage kauri ake yi, sau da yawa zuwa kashi uku ko huɗu cikin goma. Akwatin da aka jingina da bango ko aka saka a lungu yakan ƙara kauri da kansa, sai a ƙara ragewa. Wanda bayansa a buɗe yake kuma aka ajiye shi a tsakiyar fili yakan rasa kauri, sai a ɗan mayar masa.

Maɓallin tsakiya shi ne wanda aka fi rainawa, alhali a nan muryar jita take. Amfilifayoyi da yawa, musamman masu bin tsarin Fender, sun riga sun rage tsakiyar ko da maɓallin na rabi. Idan makaɗi ya ce ba ya jin kansa, kafin ya kai hannu ga Master, ya ƙara tsakiya zuwa shida ko bakwai. Sau da yawa jitar za ta fito ba tare da ƙarar ta ƙaru ba. Idan ya ɗaga Master kuwa, na kusa da shi ma zai ɗaga, mai ganguna ya ƙara ƙarfi, kafin a ankara mawaƙi na ihu ba a jin kalma ɗaya.

Kaifi a saita shi daga inda jama'a suke. Makaɗi ya ba wani jitar ya kaɗa, ko ya ja doguwar waya, ya je ya tsaya a tsakiyar fili ya saurara. Kunne ya fi jin zafin sautukan da ke kaɗawa sau 2,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa, kuma nan ne kaifin jita ke taruwa. A tuna kuma cewa jikin mutane da tufafinsu na shanye kaifi, don haka filin da ya yi tsini lokacin gwaji zai yi laushi idan ya cika.

Idan jita biyu ne ko uku, kamar yadda aka saba a ƙungiyoyin Agadas, kada a saita su iri ɗaya. Mai riƙe amo ya yi laushi da tsabta, mai jan gaba ya fi shi tsakiya da kaifi. Amsa-kuwwa kuma kamar gishiri take. A fili ana iya saka kaɗan domin babu bango. A zauren biki mai tayil da silin mai tsawo, irin waɗanda suka yawaita a Kano da Yamai da biranen Saudiyya, ɗakin ya riga ya yi nasa, ƙari sai ya jagula kiɗan.

Ƙugi da shewa da ƙura

Ƙugin da ake ji ko ba a taɓa tsirkiya ba yawanci na wutar lantarki ne. Jita irin Stratocaster, mai maɗaukin sauti siriri, ta fi kama shi, musamman kusa da janareto ko dogayen fitilu. Juya jiki kaɗan kan rage shi, haka ma saka makunnin jitar a matsayi na biyu ko na huɗu a yawancin na zamani. Waya ma tana da laifi. Wadda ta wuce mita shida takan cinye kaifi, kuma wayar jita daban take da wayar lasifika, ba a musanya su. Mai kai da akwati daban ya tabbatar lambar om da ke bayansu ta dace, 4 ko 8 ko 16, kuma kada a taɓa kunna mai bawul ba tare da lasifika a haɗe ba, domin taransifomarta na iya ƙonewa.

Shewa kuwa tana tasowa idan sautin lasifika ya koma cikin jita ko makirufo ya sake zagayowa. A rage Gain, a matsa daga gaban akwatin. Masu gurmi da kuntigi da garaya da molo, waɗanda yanzu da yawansu ke maƙala ɗan makirufo a jikin abin kiɗan, sun fi fama da wannan, saboda fatar da aka rufe ƙoƙon da ita tana kama sauti kamar kunne. Su amfilifayar jitar lantarki ba ta dace da su ba. Ta jitar katako ko ta fiyano, ko haɗawa kai tsaye da miksa, ta fi fitar da muryar abin kiɗan yadda take.

Idan akwai miksa, makirufo irin Shure SM57, wanda ake amfani da shi tun 1965, shi aka fi ajiyewa dab da ragar akwatin. A tsakiyar lasifika sauti ya fi kaifi, ana matsawa gefe yana laushi, kuma tazarar yatsa biyu na iya yin abin da maɓalli bai yi ba. A irin wannan hali makaɗi ya rage nasa akwatin ya zama na jin kansa kawai, ya bar wa injiniya sauran.

Ƙurar hunturu na shiga cikin maɓallai, shi ya sa ake jin ƙaras-ƙaras idan an murɗa su. Akwai feshin da ake wanke su da shi, kuma riga ta yadi ko leda a lokacin tafiya na rage matsalar. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada a bar baƙin akwati a rana, kada kuma a toshe bayansa da kaya.

Kunnen makaɗi

A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar wuraren kiɗa, inda ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100, tana mai cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauti mai ƙarfi. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙiyasta cewa kunne na iya jure desibel 85 na awa takwas, amma a desibel 100 kimanin minti 15 ne. Makaɗin da ke tsaye taku biyu daga akwati mai wat 100 na tsawon awa biyar ya wuce wannan nesa ba kusa ba, haka ma yaran da suka saba cincirindo a bakin lasifika a gidan biki.

Kunnen da ya gaji kaifi yake fara daina ji. Shi ya sa a awa ta uku hannun makaɗi kan koma ga maɓallin Treble, yana ganin amfilifayar ce ta dushe. Dabarar da wasu ke yi ita ce su ɗauki hoton maɓallan da waya bayan gwajin sauti, ko su yi musu alama da alli, don su san inda suka tsaya lokacin da kunnensu ke garau. Akwai kuma toshen kunne na makaɗa, wanda ke rage ƙara da kimanin desibel 15 ba tare da ya dusashe kiɗan ba, kuma kuɗinsa bai wuce na tsirkiyoyi saiti biyu ko uku ba.